Yadda 'Yardada Ta Buɗe Cikin Kwamfutarta

In ka shiga unguwar Ƙofar Mazugal ka tambayi gidan Malama Maryam Sani, sai mutane su tsaya suna kallon juna. Amma ka ce 'Yardada mai buga takardu, ko mai kantin bakin titi zai nuna maka lungun. Sunan kakarta ta wajen uba ta ci, wadda duk gidan ke kira Dada, shi ya sa babu mai iya kama sunan nata na yanka. 'Yardada ta bi ta tun tana goye, har yau da ta haura sittin.

Mahaifinta, Malam Sani, gyaran agogo yake yi. Yana da ɗan teburi mai gilashi a hanyar Ƙofar Ruwa, aikin da bai ƙare ba kuma ya taho da shi gida. Mutum ne marar yawan magana. Idan zai buɗe agogo, sai ya ɗauko farin farantin tangaran ya ajiye a gefe, duk ƙusar da ya kwance ya jera ta bi da bi, ta farko a hagu, ta ƙarshe a dama. Bai taɓa zaunar da 'yarsa ya ce zai koya mata ba. Ita dai ta tashi tana ganin cikin abubuwa a buɗe, har ta saba da cewa inji ba abin tsoro ba ne.

Da ta gama sakandare ta shiga wata makarantar koyon tafireta a Fagge. Yatsunta dogaye ne, kuma ba ta kallon haruffa in tana bugu. A shekarar 1983 aka ɗauke ta aiki a wata ma'aikatar gwamnati, a ɗakin masu buga takardu, su tara mata uku maza shida. A nan ta yi aure da Malam Abdallah, malamin firamare, ta haifi 'ya'ya huɗu, ba ta bar aikin ba. Abin da ya fi damunta a shekarun tafireta shi ne takardun Hausa. Injin ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Sauran abokan aikinta ba ruwansu, yadda ya fito haka za su miƙa. Ita kuwa sai ta zare takardar, ta ɗauki baƙin biro ta bi layi-layi tana yi wa haruffa ƙugiya. Takan ce ba za ta sa hannu a takardar da ta mai da ƙasa kasa ba.

Da kwamfuta ta shigo ofis, hankalin masu tafireta ya tashi, ana ta raɗe-raɗin za a sallame su. 'Yardada ba ta shiga wannan zancen ba. Lokacin da ake fita cin abinci, sai ta ja kujera gaban injin guda ɗaya da aka kawo, ta yi ta taɓe-taɓe. Cikin wata uku ita ake kira in takarda ta maƙale a firinta. Daga baya wani ma'aikaci ya sa mata haruffan Hausa a ciki, ita kuma ta zaɓi maɓallan da suka dace da yatsunta ta ɗora su a kai. Ranar da ta ga ƙ ta fito da ƙugiyarta ba tare da biro ba, sai da ta buga ta cike da layi guda don daɗi.

A 2012 ta sayi tata ta gida, ta hannu, baƙa mai akwati, da allo daban da kibod daban. Ta kafa ta a ɗakin da ke jikin soro, wanda tagarsa ke kallon lungu. Bayan rasuwar Malam Abdallah, da kuma ritayarta a 2018, ɗakin nan ya zama wurin aikinta. Maza su miƙo takarda ta taga, mata su shigo su zauna a tabarma. Tambayoyin jarrabawar makarantun Islamiyya, katin ɗaurin aure, takardar neman aiki, sanarwar walima, duk ta hannunta suke bi. Kwamfutar ta tsufa tana nawa, amma ga aikin rubutu ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Har ranar da Hajiya Sa'ida ta shigo da adaka.

Hajiya Sa'ida maƙwabciyarta ce, gida uku tsakani, dattijuwa mai shekara saba'in da takwas. Zuriyar Larabawan fatake ce, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro sahara daga Gadamas suka zauna a cikin birni tun da daɗewa. Ba ta jin Larabci sai na salla da karatu, Hausarta kuwa ta Kano ce tsantsa. Ta sa aka ɗauko mata wata tsohuwar adakar ƙarfe aka dire a tsakar ɗakin, ta zauna tana mai da numfashi.

"'Yardada, amana na kawo miki."

"Allah ya ba mu ikon riƙewa, Hajiya. Mene ne a ciki?"

Ta buɗe. Takardu ne ɗauri-ɗauri, an naɗe su da tsumma, sun yi ja saboda tsufa. Wasiƙu ne da aka riƙa aiko wa kakan mahaifiyarta, wani Ali, daga garinsu. A gefe guda gara ta fara ci, har wasu sun zama gari.

"Jiya na buɗe na ga wannan ɓarnar," in ji Hajiya Sa'ida. "An ce mini ana ɗaukar hoton takarda a ajiye a inji, ko ta lalace rubutun yana nan. Yara sun ce a kai kasuwa a yi. Ni kuwa takardun nan ba za su shiga kasuwa ba ina raye. Ke na yarda da hannunki."

'Yardada ta ɗaga guda a hankali ta duba ta a hasken taga. Tawadar ta koɗe, sai an ƙura ido.

"Za a yi, in sha Allahu. Firintata tana da sikana. Sai dai ba aikin kwana biyu ba ne."

Da ta ƙirga, shafi ɗari huɗu da 'yan kai ne. Ta fara washegari da hantsi. Nan da nan ta gane cewa in ba ta sa sikana ta ɗauka da kyau sosai ba, rubutun da ya koɗe ba ya fitowa. In kuma ta sa, shafi guda sai ya fi takardun jarrabawar shekara guda nauyi. Kwamfutar ta fara nishi. Ta danna a buɗe hoto, ta tashi ta ɗora ruwan shayi ta dawo, bai gama buɗewa ba. A shafi na sittin da uku injin ya rubuto mata cewa wuri ya kusa cika. Kwana biyu bayan haka ya sandare gaba ɗaya, linzamin kwamfutar ya ƙi motsi, ta kashe ta kunna, aikin safiya guda ya tafi.

Ran nan ta kira babban ɗanta Nazeer, wanda ke aiki a Abuja. Ya saurara har ta gama, sannan ya yi dariya.

"Umma, kwamfutar nan fa ta girmi Zainab ɗina, ita kuma ta kusa gama firamare. Ki bar ta ta huta. Ƙarshen wata zan aiko miki da laftof."

"Allah ya yi albarka, na gode. Amma ba laftof na tambaye ka ba. Na taɓa taka, maɓallanta kamar an jera ƙwayar magani, yatsuna ba sa zama. Haruffana kuma suna cikin wannan. Ka gaya mini abin da ke damunta kawai."

Ya ga ba wasa take ba, sai ya yi mata bayani. Abu biyu ne, in ji shi. Akwai RAM, wanda inji ke shimfiɗa aikin da yake yi a kansa a lokacin, nata kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma faifan ajiya, inda komai ke kwana, nata ya cika kuma tsohon yayi ne mai juyawa.

"To ka ce teburi ya yi mata kaɗan, kabad kuma ya cika," in ji ta. "A ofis in haka ta faru ba ma rushe ɗaki. Ana canja su?"

"Ana canjawa. Amma Umma, ki bari in zo, ko in turo wani."

"Yaushe za ka zo?"

Ya ce sai hutun salla.

"Gara ba za ta jira salla ba. Gaya mini ta inda ake buɗewa."

Ya gaya mata, yana yi yana jan kunne: ta zare wayar wuta tukuna, ta danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, ta taɓa ƙarfen akwatin kafin ta taɓa komai a ciki. Ta rubuta duka a takarda.

Washegari bayan ta karya kumallo ta shimfiɗa tsohon zani a kan teburi, ta kwantar da akwatin, ta ɗauko farin faranti daga kicin da sukudireba. Ƙusa biyu ce kawai a baya. Murfin ya zame, ta leƙa. Ƙurar shekara goma sha ɗaya ta yi kauri a kan fanka kamar auduga. Ba ta taɓa komai ba sai da ta ɗauki hoton ciki da wayarta ta kusurwa uku. Sannan ta bi da busasshen buroshin fenti tana sharewa a hankali, har koren allon da komai ke kansa ya bayyana. Ga RAM ɗin nan, ɗan siririn abu mai tsawon tafin hannu, a tsaye cikin raminsa, kusa da shi ga wani ramin babu kowa. Ta tura 'yan kunnuwan da suka riƙe shi ta gefe biyu, ya ɗago da kansa. Faifan ajiyar ya fi ba ta wahala, ƙusa huɗu da waya biyu, ɗayar ta kama gam. Ta naɗe kowanne a takarda, ta kwafe lambar da ke jikin akwatin da ta jikin allon, ta sa a jaka, ta ɗauki mayafi ta fita ta tari Adaidaita Sahu zuwa Titin Beirut, inda shagunan kwamfuta suke.

Shagon farko da ta shiga, mai shagon ya gaishe ta da ladabi, amma ko takardar bai kalla ba.

"Hajiya, ai wannan ba aikinku ba ne. Ki turo wani cikin yaranki da injin. Ko kuma ga sababbi nan, in nuna miki."

"Na gode, Alhaji. Allah ya ba da kasuwa."

Ta fito. A shago na uku aka ce ta hau sama, akwai mai irin waɗannan tsofaffin kayan. Da ta hau sai ta tarar da mace ce, 'yar kimanin shekara talatin, ta naɗe hannun hijabinta da roba, ta sunkuya a kan wata laftof da aka fede. Sunanta Ikram. Ta miƙe ta ba ta kujera.

"Sannu da zuwa, Mama. Me aka kawo mana?"

'Yardada ta warware takardun ta jera a kan teburi. Ikram ta ɗaga RAM ɗin ta karanta jikinsa, ta duba lambobin da aka kwafo, sannan ta ɗago kai.

"Wa ya ciro miki?"

"Ni."

"Da kanki?"

"Da hannuna."

Ikram ta yi murmushi, ta ja kujerarta kusa. Ta bincika lambar a wayarta, ta ce injin zai ɗauki giga takwas, wato ninki huɗu na abin da ke ciki, guda biyu masu huɗu-huɗu, kuma dole irin wannan samfurin, don na zamani ba zai shiga ramin ba. Game da ajiya kuwa ta ɗauko wani ɗan abu marar nauyi kamar kwalin ashana mai faɗi, ta ce sunansa SSD, ba abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi tsohon sauri nesa ba kusa ba, ya kuma ninka shi ɗaukar kaya sau huɗu.

"Tambaya ɗaya gare ni, 'yata. Haruffan Hausa da na saita, da takardun mutane na shekara da shekaru, za su biyo ni?"

"In na sa miki sabon Windo, sai kin sake saiti daga farko. Amma akwai hanyar da zan kwafe tsohon faifan gaba ɗayansa zuwa sabon, yadda kika bar shi haka za ki tarar. Zai ɗauki lokaci."

"Ba inda za ni."

Suka daidaita, Ikram ta jona faifan biyu a jikin injinta. Da tsohon ya fara juyawa ta kara kunne, ta ɗan ɓata fuska.

"Mama, kina jin wannan ƙas-ƙas ɗin? Ya gaji. Da kin ƙara wata biyu, ban san me za mu tarar ba."

Kwafin ya tafi lafiya har ya wuce rabi, sai ya tsaya cak. Minti goma, lambar da ke nuna inda kwafin ya kai ba ta motsa ba. Ikram ta ce ya ci karo da wurin da ya lalace, za ta sake farawa ta hanyar da ke bi a hankali tana tsallake irin waɗannan wuraren. 'Yardada ta tambaya me za a rasa. Ikram ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, ba ta sani ba sai an gama.

Suka yi azahar a bayan kanta. Suna idarwa wani mutum ya shigo da sauri, wai sakataren ƙungiyar masu shagunan benen ne, yana neman Ikram ta buga masa sanarwar taro, shafi biyu da rubutun hannu. Ikram ta ce ya ga hannunta a cike yake. 'Yardada ta miƙa hannu.

"Kawo nan, Malam."

Akwai wata kwamfuta mai babban kibod a gefe. Ta zauna ta gyara mayafi, ta kafa takardar a hagunta, ta sa yatsu. Ƙarar da ta tashi sai da ta sa masu wucewa a baranda suka leƙo. Ba ta kalli kibod ba, ba ta kalli allo ba, idonta na kan takardar. Kafin mutumin ya gama amsa wayar da ta shigo masa, ta juyo.

"Ka rubuta Laraba sha biyu ga wata. Sha biyu Alhamis ce. Wanne kake nufi?"

Mutumin ya riƙe baki. Ikram ta yi dariya har da dafa teburi.

Wajen ƙarfe uku kwafin ya kammala. Suka duba tare. Hotunan wasiƙun duk suna nan. Abin da ya lalace fayil biyu ne, katin wani biki da aka yi shekara shida da suka wuce da wata tsohuwar jarrabawa. 'Yardada ta ce amaryar ma yanzu 'ya'yanta uku, ba ta neman kati.

Ikram ta ce ta bari in ta tashi daga shago ta biyo ta ɗaura mata.

"A'a. Nuna mini dai. In ya sake lalacewa ba kullum zan same ki ba."

Ikram ta jawo wani mataccen koren allo irin na cikin inji daga ƙarƙashin teburi, ta nuna mata tsagar da ke ƙasan RAM, wadda dole ta dace da ɗan tudun da ke cikin rami, ta nuna mata wayoyi biyun da za su shiga SSD. Ta ce tsohon faifan ta adana shi kada ta sake aiki da shi, wasiƙun kuma in an gama a kwafe su a wuri na biyu, kada a dogara da guda. Ta rubuta mata lambar wayarta, ta rako ta har bakin bene.

Bayan la'asar 'Yardada ta zauna ɗaurawa. Hajiya Sa'ida ta ji labarin an fede injin, ta dogara sanda ta zo ta zauna a tabarma tana jan carbi. RAM biyu suka shiga raminsu. SSD ya karɓi wayoyinsa, sai dai ya yi wa gurbin tsohon faifan ƙanƙanta, ƙusa ɗaya ce kawai ta dace. Ta ɗaure wannan, ta kama ɗaya gefen da igiyar roba, ta girgiza ta ga bai motsa ba. Ta duba hotunan wayarta ta tabbatar kowace waya ta koma inda take. An yi sa'a akwai wuta. Ta yi bisimilla ta danna.

Fanka ta juya. Sai injin ya yi ƙara, ɗit, ɗit, ɗit, ya yi shiru, ya sake. Allo baƙi ƙirin.

"Innalillahi," in ji Hajiya Sa'ida. "Ya ƙone?"

"Bai ƙone ba, Hajiya. Da ya ƙone da mun ji ƙauri."

"To takardun mutane fa? Da namu da kika ɗauka?"

"Suna nan a wuri biyu. Ga ɗaya can a kan kabad cikin takarda."

Ta faɗi haka da murya a daidaice. Ta kalli lambar Ikram a kan teburi, ta ɗauki wayar, ta ajiye. Ta ce wa kanta, da safe injin nan yana tashi, abu uku kawai na canja, laifin yana cikin ukun nan. Ta zare wuta, ta danna maɓalli, ta taɓa ƙarfe, ta kunna fitilar waya ta sa tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin SSD sun zauna. RAM na farko ya zauna, kunnuwansa biyu a rufe. Na biyun, kunnen sama a rufe, na ƙasa ya ɗan buɗe baki, bakin RAM ɗin mai ruwan zinare yana leƙowa kamar faɗin zare.

Ta gane abin da ta yi. Lallaɓa shi ta yi, tana tsoron kada ya karye. Ta cire shi, ta daidaita tsagar, ta ɗora manyan yatsunta biyu a gefe da gefe ta danna da ƙarfin da sai da allon ya ɗan lanƙwasa. Ƙas. Ƙas.

Ta mai da wuta ta kunna. Ƙara ɗaya gajeriya, allo ya kawo haske. Ta juya za ta ce wa Hajiya Sa'ida yanzu sai a jira kamar minti biyar, kafin ta rufe baki injin ya gama tashi, ga fayilolinta a jere yadda ta bar su. Ta buɗe shafin rubutu ta danna maɓallanta uku: ƙ, ɗ, ɓ. Ta buɗe hoton wasiƙa, ya bayyana nan take. Ta buɗe goma a lokaci guda don ta gani, ko gezau.

"Alhamdu lillahi. Hajiya, gobe mu ci gaba."

Ta ɗauki hoton allon ta aika wa Nazeer ba tare da ta rubuta komai ba. Ya kira a take, ya yi ta tambaya wa ya ɗaura mata, ta ce ya tambayi Hajiya Sa'ida, ita ce shaida.

Sati bakwai aikin ya ci. Kowace takarda sai ta share ta da tattausan buroshi, ta kwantar a gilashi, ta ɗauka gaba da baya, ta ba ta lamba, ta sa ta cikin sabuwar farar takarda. Waɗanda gara ta cinye rabinsu ma ba ta bar su ba. Da aka gama ta kwafe komai a filashi uku, Hajiya Sa'ida ta riƙe ɗaya, aka ba 'yan'uwanta biyu.

Saura karatu. Aka roƙi Malam Baffa, limamin masallacin lungun, wanda ya saba da irin wannan rubutun na Magaribi. Ya zo wata Asabar da hantsi, aka sa masa kujera gaban allo, 'Yardada na gefe tana ƙara girman rubutun duk inda ya nuna da yatsa. Layin da ido ba ya gani a takarda, a allo sai ya fito har ɗigo. Yawancin wasiƙun gaisuwa ce da labarin hanya da na fatu da alharini. A ta talatin da ɗaya Malam Baffa ya dakata, ya sake karantawa a zuci, sannan ya fassara.

Daga mahaifiyar Ali ce, wani ya rubuta mata. Ta ce ta ji an yi masa haihuwar 'ya mace a Kano. Ta ce idonta ya yi rauni, ta san ba za ta ga yarinyar ba, shi ma ba ta sa ran zai dawo. Ba ta yi masa faɗa ba. Abu guda ta roƙa, in bai riga ya raɗa suna ba, ya sa mata nata. A ƙasa marubucin ya sa sunan mai saƙon: Ruqayya.

Hajiya Sa'ida ta ajiye carbi.

"Kakata ke nan. Ruqayya. Ita ta yaye ni. Mun sha tambayarta sunan wa ta ci, ta ce ita ma ba a gaya mata ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ashe ya sa. 'Yardada, fitar mini da wannan a takarda, babba, yadda zan gani."

Aka fitar mata. Malam Baffa ya yi addu'a ga mamatan, aka shafa.

Labari ya zaga unguwa cewa 'Yardada har cikin inji take shiga. Ita kuwa ba ta canja allon da ke jikin tagarta ba, buga takardu dai ya ce. Amma in an kawo, tana dubawa. Wadda ta ga ƙarin RAM take so, ta rubuta wa mai ita samfurin da zai sayo ta tura shi wurin Ikram. Wadda ta fi ƙarfinta, ta faɗa ba kunya.

Kwanan baya wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jamila ta zo daga Ƙofar Dawanau, ido ya kumbura, da kwamfuta a cikin buhu. Tana ƙarin karatu ne, kundin bincikenta na ciki, saura kwana tara ta miƙa, injin ya yi tartsatsi ya mutu. 'Yardada ta buɗe, ta sunsuna, ta nuna mata inda koren allon ciki ya yi baƙi.

"Wannan kam ta tafi, 'yata, ba ni ba, ko Ikram ba ta tashe ta. Amma ba a nan rubutunki yake kwana ba."

Ta zare faifan ta jona a jikin tata. Babi huɗu suka fito lafiya. Na biyar ya ƙi buɗewa ta kowace hanya. Jamila ta ɗora hannu a ka.

"Kina da shi a rubutun hannu?"

"Yana jakata, Mama, amma duk gyare-gyare ne, ba mai iya karantawa sai ni. Shafi ashirin da shida ne."

'Yardada ta duba agogon bango, ƙarfe goma da kwata. Ta tura mata kujera, ta jawo kibod gabanta.

"To ke za ki karanta. Kada ki rage sauri saboda ni."

Kafin kiran la'asar sun kai shafi na ƙarshe.